Tambayi Bakanike: Highlander ta hannu, ƙarfinta da inda take ciwo

Jama'a, assalamu alaikum. Yawancin saƙonnin da suka shigo wannan karon a kan mota ɗaya suke, Toyota Highlander ta hannu. Wasu na shirin saya, wasu sun riga sun saya tana wahalar da su. Shi ya sa na bar mata filin gaba ɗaya. Masu tambaya kan giyar Accord da na'urar sanyaya mota su yi mini haƙuri zuwa fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne a Dutse. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ga mahaifiyata tana wurina, Corolla ta yi mana kaɗan. Wani dillali ya nuna mini Highlander 2010 mai silinda shida, sabuwar shigowa daga Amurka. Abokan aikina wasu sun ce motar ba ta mutuwa, wasu sun ce albashina zai ƙare a gidan mai. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah.

AMSA: Yallaɓai, Allah Ya saka maka da alheri kan riƙon mahaifiya, Ya ƙara mata lafiya. Abokan aikinka kowane ɓangare ya faɗi gaskiya, sai dai babu wanda ya ƙarasa ta.

Wadda aka nuna maka tana cikin zubi na biyu, wato samfurin 2008 zuwa 2013. Injinta lita 3.5 ne, sunansa 2GR-FE, ƙarfin doki 270. Shi ne dai a cikin Camry mai silinda shida, da Avalon, da Sienna, da Lexus ES 350 da RX 350 na waɗannan shekarun. Wannan shi ne babban arzikin motar a ƙasarmu. Duk abin da ya lalace a jikin injin za ka same shi a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, sabo ko na Baljiyam, kuma da wuya ka shiga garin da babu bakaniken da ya taɓa kwance shi. Tayamin ɗinsa, wato abin da ke daidaita buɗewar bawul da juyin inji, sarƙa ce, ba bel ba, don haka babu zancen canza shi lokaci-lokaci muddin ana ba injin baƙin mai mai kyau. Giyarta mai hawa biyar ce, tsohon zubi mai haƙuri. A zama kuwa tana da taushi, don a kan ƙirar Camry aka gina ta. Hajiya ba za ta sha wahalar hawa ba kamar yadda za ta sha a Prado, kuma bayanta ba zai gaya mata ba in an yi doguwar tafiya. Jakar iska bakwai ce a cikinta, har da ta gwiwar direba da ta gefe mai saukowa har kujerun ƙarshe. Ga mai ɗaukar iyalinsa gaba ɗaya a mota guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma kada ka biya ko sisi sai an duba maka bututun mai guda biyu. Na farko yana ta ɓangaren fasinja, shi ke kai baƙin mai ga na'urar VVT-i, mai saita lokacin buɗewar bawul. A injinan farko an yi tsakiyarsa da roba, robar kuwa takan fashe ba sallama, mai ya tsiyaye ƙasa cikin 'yan mintoci. Direba yana kan gudu, kafin ya lura da jar fitila inji ya riga ya buga. Toyota da kanta ta kira masu motocin farko a Amurka ta canza musu, daga baya ta koma yin na ƙarfe zalla. A ta 2008 aka fi samun mai robar, amma ko taka 2010 ce a duba, tunda ba ka da tabbacin injin da ke ciki shi ne na asali. Na biyu yana can ƙasa ta gaba, kusa da matatar mai, a motocin da aka saka wa na'urar sanyaya baƙin mai. Shi ma akwai mai roba, akwai na ƙarfe. In mai roba ka tarar, a canza shi ranar da ka karɓi makulli. Kuɗinsa bai kai kuɗin taya biyu ba, rashinsa kuwa inji guda ne.

Sai famfon ruwa. Wannan injin ya yi suna wajen cin famfon ruwa in tafiya ta yi nisa. Ka haska tocila ta wajen fanbel, in ka ga busasshen abu ruwan hoda ya yi ɓawo-ɓawo, ya fara yoyo ke nan. Famfon ba shi da tsada can, aikin ne mai wahala, don wurin a matse yake, sai an sassauta mawontin an ɗaga inji. Haka nan murfin tayamin yakan yi gumin mai. In gumi ne kawai, ba ya ɗiga ƙasa, ka bar shi kana duba ma'aunin mai duk mako. Gyaransa na gaskiya sai an sauke inji, kuma sauke inji a hannun wanda bai ƙware ba ya fi gumin illa.

Akwai abin da nake yawan gani a gareji wanda ke ɓata mini rai. Fulogi shida ne a injin, uku na gaba a fili suke, uku na baya kuwa suna ƙarƙashin bututun shigar iska, sai an kwance shi kafin a kai gare su. Bakanike mai son jiki sai ya karɓi kuɗin shida ya canza uku. Mota ta ci gaba da rawa, mai ita ya ce Highlander ba ta da kirki. Duk ranar da aka canza maka fulogi, ka ce a ba ka tsofaffin shida a hannu, kuma ka tsaya ka ga an buɗe bayan.

In ka ji ƙwas-ƙwas a sitiyari lokacin da kake juyawa a hankali, galibi sandar tsakiya ce da ke haɗa sitiyarin da ƙasa. Sananniyar matsala ce a wannan zubin, ana shafa mata giris ko a canza ta. Sitiyarin na lantarki ne, ba ya shan mai, don haka kada wani ya sayar maka da man sitiyari. Abin da yake buƙata batir mai ƙarfi.

Yanzu zancen ku bakwai. In mai layi uku ce, kujeru bakwai ne, gaskiya ne, amma biyun ƙarshe na yara ne. Babba in ya zauna a can daga Dutse zuwa Kano, gwiwarsa a ƙirjinsa za ta yini. Kuma da zarar an ɗaga su, but ɗin ya tafi. Abin da ya rage ba ya ɗaukar fiye da ƙananan jakunkuna biyu ko uku. A samfurin 2008 zuwa 2010 kujerar ƙarshen guda ce, ko ka ɗaga ta duka ko ka kwantar da ita duka. Daga 2011 aka raba ta biyu, kana iya zaunar da yaro a ɓari ɗaya ka ɗora kaya a ɗayan. Kujerar tsakiya ta layi na biyu ma ƙarama ce, irin wadda ake cirewa a ɓoye ƙarƙashin akwatin da ke tsakanin direba da fasinja. Sau da yawa motar kan iso nan babu ita, ta ɓace tun a can ko a tashar jirgin ruwa. Ka tabbata tana nan, in ba haka ba mota mai kujera shida ka saya.

Zancen mai kuwa, a takardar Amurka lita ɗaya tana kai ta kilomita 7 zuwa 8 a cikin gari, wajen 10 a doguwar hanya. Wannan lokacin tana sabuwa ne, a kan titin da babu rami. A cunkoson Kano da esi a kunne, ka sa ran ƙasa da haka. Corollarka tana ba ka wajen 11 a cikin gari. Tankin Highlander lita 72 ne, na Corolla 50. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, da yawa ba su damu da wannan lissafin ba. Yau kuwa na san masu Highlander da suka jingine ta suna hawa babur zuwa ofis. Ka ɗauki kuɗin man da kake sha a wata yanzu, ka ƙara masa rabinsa. In zuciyarka ta ɗauka ba tare da an taɓa kuɗin makarantar yara ba, bismillah. Akwai mai silinda huɗu, lita 2.7, da aka fara yi a 2009, mai giya hawa shida. Tana ɗan rage shan mai, amma in ka cika ta da mutum bakwai tana nishi a wajen wuce tirela, kuma ragin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Ra'ayina, in za ka riƙa ɗaukar mutum bakwai da kayansu zuwa biki ko Sallah a gida, Sienna ta fi dacewa da kai. Inji ɗaya ne, shan mai kusan ɗaya, fili kuwa ba a haɗa su. Na san wasu na gudunta don kada a ce motar haya suka saya. Kai ne za ka auna wannan. In kuwa yawancin kwanaki ku huɗu ko biyar ne a ciki, bakwai ɗin sai jefi-jefi, Highlander ta ishe ka, kuma cikin irinta babu wadda na fi natsuwa in ce wa mai albashi ya saya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mai sayen dabbobi ne daga Damagaram, ina cin kasuwannin ƙauye har Maigatari. Na gaji da hawa bayan a-kori-kura. An ce mini Highlander mai jan ƙafa huɗu tana shiga rairayi. Gaskiya ne?

AMSA: Alhaji, kada ka saya don wannan aikin. Ina faɗa maka haka kai tsaye don na ga ƙarshen waɗanda suka gwada.

Prado da 4Runner da Hilux da Land Cruiser a kan katafaren ƙarfen ƙasa aka ɗora jikinsu, kuma masu jan ƙafa huɗun cikinsu suna da ƙaramar giya ta fita daga wuri mai wuya. Highlander ba ta da ko ɗaya. Jiki da ƙasa a haɗe suke kamar na Camry. Jan ƙafa huɗun da aka yi mata don titin Amurka ne mai santsin ƙanƙara da ruwan sama. Tsayinta daga ƙasa wajen santimita 20 ne, ya isa ga ramukan kwalta da hanyar birji, amma a tudun rairayi mai laushi cikinta zai zauna. Na'urar hana zamewa kuma da ta ji taya tana juyawa a banza sai ta taka birki ta rage wuta, alhali a rairayi wutar kake nema. Kai kuma sai ka ƙara taka totur, man giya ya tafasa. Giyar da na yaba a amsar farko a nan take mutuwa.

Ga kuma nauyi. A jikin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi iyakar abin da za ta ɗauka, mutane da kaya a haɗe, rabin tan ne da 'yar ɗoriya. Manya biyar da buhun gero biyu sun kai ka bakin iyaka. Ɗan kasuwa kuwa ba ya dawowa daga kasuwa hannu biyu. Wata shida a wannan aikin, shokozoba da bushin da bol-joyin duk sai sun miƙa wuya. Ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin tsohuwar Hilux ko 4Runner mai lafiya.

Ga sauran masu karatu da suke cikin gari: in ba ku da dalili, ku ɗauki mai jan gaba kawai. Ta fi sauƙin mai, ba ta da shaf na baya da akwatunan mai biyu da ake mantawa da su har su bushe. Wanda ya riga ya sayi mai ƙafa huɗu ya sani tana son tayoyinta huɗu girma ɗaya, cinyewa kusan ɗaya. Sayen taya ɗai-ɗai na Baljiyam, wannan sabuwa wancan sulɓi, yana cin kayan cikinta a hankali. Kuma in ta mutu a hanya, a ɗora ta gaba ɗaya a kan mota, kada a ja ta ƙafa biyu a ƙasa. Masu wili 19, wato Sport da Limited, sun fi kyan gani, amma a ramukanmu wili 17 mai kaurin taya ya fi rufin asiri, tayarsa kuma ta fi araha.

TAMBAYA: Malam, ni ke tuƙa kaina, ina kai yara makaranta a Kaduna, ƙarshen mako in je Zariya wurin iyayena. Maigida ya ce in zaɓa tsakanin Highlander 2012, Honda Pilot 2012 da Lexus RX 350 ta 2010. Yarana uku ne.

AMSA: Hajiya, Allah Ya sanya alheri, Ya ƙara wa maigida buɗi. Da yara uku dukkansu sun ishe ki, don haka mu duba abin da zai biyo baya.

Pilot ta fi su fili, kujera takwas ce, kuma a kasuwa takan fi Highlander sauƙin kuɗi. Sai dai tayamin ɗinta bel ne, ana canza shi wajen mil 100,000, in kuwa ya tsinke a kan tafiya bawul ne ke lanƙwashewa. Tana da tsarin kashe wasu silinda in an miƙe hanya don rage shan mai, kuma a tsofaffinta wannan tsarin kan jawo shan baƙin mai, da ɓata fulogi, da karyewar mawontin masu tsada. Giyarta ba ta yarda da kowane mai ba sai nata na Honda. Mota ce mai kyau a hannun wanda yake da bakaniken Honda na amana.

RX 350 inji ɗaya suke da Highlander. Ta fi ta shiru da kyan ciki, kujera biyar ce kacal. Abin da ke cikin inji kuɗinsa ɗaya, amma fitila, madubin gefe, bamba da kayan lantarki, nan ake gane Lexus ce. Mai Keke Napep ɗaya ya goge miki fitila a Kasuwar Barci, za ki ji a jikinki. Ga kuma idon ɓarayi a kanta, su kansu madubin da tambarin ba su tsira ba.

Da ƙanwata ce ke, Highlander 2012 zan ce ki ɗauka. Ta fito bayan gyaran fuskar da aka yi a 2011, matsalolin farkon zubin an rage su, kuma ranar da kika so sayarwa ba za ta kwana a hannunki ba. Amma in Pilot ɗin ce mai lafiya, Highlander ɗin kuma ta sha duka, ki ɗauki Pilot. Lafiyayyar mota ake saya, ba tambari ba.

TAMBAYA: Oga, na ga wata a wurin masu sayar da motoci a Abuja, fuskarta ta 2012 ce, mita tana nuna mil 78,000, farashinta kuma ƙasa da na sauran. Mai ita ya ce matsin kuɗi ne. Yaya zan gane ko akwai lauje cikin naɗi?

AMSA: Ɗan'uwa, ka yi kyan kai da ka tambaya kafin ka biya. Fara da lambar jikin mota, mai harufa da alƙaluma 17, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, tana kuma jikin ƙofa. Ka ƙirga zuwa na goma, shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013. Ana sayen fitilu da bamba da bonet na 2012 a ɗaura wa ta 2008, a sayar da ita da kuɗin ta 2012. Wannan harafin shi ke tona asiri. Farkon lambar kuma yana faɗin inda aka ƙera ta: JTE Japan ce, 5TD kuwa masana'antar Princeton ce a jihar Indiana ta Amurka, inda aka fara yin Highlander a 2009. Duka biyun lafiya lau suke, kada a ƙara maka kuɗi da sunan 'yar Japan ce.

Da wannan lambar kake sayen rahoton tarihin motar a intanet, irin na Carfax. Ka saya da kanka, kada ka karɓi wanda dillali ya buga maka. Da yawa daga motocin da ake kawo mana daga gwanjon Copart da IAAI suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke zubar da waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Sau da yawa in ka rubuta lambar a Google kawai, hotunan motar ranar gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin fanel-bita ya taɓa ta. Rahoton zai nuna maka mitar da aka rubuta a baya. Motar da ta haura shekara goma a Amurka tana nuna mil 78,000 abin tambaya ce. In rahoto ya ce ta kai 190,000 shekaru uku da suka wuce, ka san an mayar da mita baya. Ka lura kuma 'yar Amurka da mil take ƙirga, 'yar Kanada da kilomita, mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Haɗari ba duka ne ke hana sayen mota ba. Wadda aka buga a ƙofa ko bamba aka gyara da kyau, ni ba na hana ta, in an faɗi gaskiya an rage kuɗi. Wadda nake hanawa ita ce wadda ƙarfen gabanta ya lanƙwashe aka miƙe shi da wuta, da wadda jakar iskarta ta fashe aka liƙe murfin babu komai a ciki. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar jakar iska da ta inji dole su kama. Ta jakar iskar ta mutu da kanta bayan 'yan daƙiƙu, ta injin sai an tayar. In ɗaya ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ne don a rufe maka ido.

Wadda ruwa ya ci kuwa, ko kyauta aka ba ka ka yi tunani. Guguwar Sandy a 2012 da ta Harvey da ta nutsar da Houston a 2017 sun lalata motoci masu ɗimbin yawa, kuma ire-irensu ba su daina biyo jirgi zuwa Tin Can da Kwatano ba. Ka ɗaga kafet ka shinshina. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai layin laka. Ka leƙa ƙarƙashin kujeru ka duba tsatsa a kan ƙarafan da ba a yi wa fenti ba. Irin wannan motar lafiya take tashi yau, bayan wata uku gilashi ya ƙi sauka, gobe burenbos, wato kwamfutar mota, jibi giya ta rikice, kuma babu ranar gamawa. A hau da ita kan rami a duba ƙasa, don waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye bututun birki da ƙarafan ƙasa. Tun kana ramin ka duba ko tukunyar tace hayaƙi, wadda 'yan gareji ke kira indomi, tana nan ba a fafe ta ba.

Kada ka manta da takardar kwastan. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma da yawa daga waɗanda suka biyo ta ɓarauniyar hanya da takardar bogi suke yawo. Ka je ofishin kwastan da kanka a tantance, lambar da ke takarda ta dace da ta jikin mota.

TAMBAYA: Baba, tawa 2009 ce, tana zafi in na kunna esi a cunkoso. Bakanikena ya ce a cire tamosta a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasar sanyi aka yi ta. Ya kuma ce in koma baƙin mai mai kauri, 20W-50. In yarda?

AMSA: Ɗana, kada ka yarda da ko ɗaya. Wannan shawarar ta kashe injinan Toyota a ƙasar nan fiye da yadda tsufa ya kashe su. Ana sayar da wannan injin a Saudiyya da Dubai, ana tuƙa shi a Arizona, duk da tamostansa a ciki. Aikin tamosta shi ne ya riƙe ruwa har inji ya kai wajen digiri 82 sannan ya buɗe. In ka cire shi, da safe inji ba zai kai zafin aikinsa da wuri ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu a sanyi yake, ta yi ta ƙara masa fetur. Ga shan mai, ga fulogi na baƙi. Sannan tamostan ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi ta lagireto ba. Babu shi, wani ruwan sai ya riƙa bin gajeriyar, zafin da kake gudu ya same ka a kan babbar hanya.

Zafi alama ce, a nemo mai jawo shi. A irin taka, ko famfon ruwa ya gaji, ko lagireto ya toshe da ƙurar hunturu ta waje da tsatsa ta ciki, ko ɗaya daga fankokin biyu ta mutu, ko murfin lagireto ya daina riƙe iska, ko tamostan da kansa ya maƙale, sai a sa sabo. Tsatsar cikin kuwa ruwan rijiya da na leda ne ke kawo ta. Injin alminiyam ne, ruwansa na musamman ne, mai ruwan hoda na Toyota. Yau ɗin nan ka daina tuƙa ta tana zafi, don tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta ƙona gasket ta lanƙwasa kan silinda.

Baƙin mai kuma, ka karanta abin da aka rubuta a murfin da ake zuba shi, 5W-20 ko 0W-20 za ka gani. In ta tsufa ko kana yawan doguwar tafiya a zafi, 5W-30 mai kyau ba laifi. Hanyoyin mai na VVT-i ƙanana ne, mai kauri ba ya isa can da wuri in an tayar da safe, shi ne kake jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Lita 6 da ɗan kaɗan take sha, don haka galan ɗaya ba ya isa, kada a zuba maka huɗu a ce an gama. Man giya kuma WS ne kaɗai. Jan man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba nata ba ne, ko da launinsu ɗaya.

TAMBAYA: Malam, kuɗina ba su kai na zubi na biyu ba. Tsohuwar, ta 2005, fa? Kuma me ka ce kan mai haɗin batir da fetur?

AMSA: Malam, tsohuwar, wato 2001 zuwa 2007, ta fi ƙanƙanta amma jaruma ce. Ka nemi mai silinda shida lita 3.3, daga 2004 zuwa sama. Ita tayamin ɗinta bel ne, ana canza shi duk mil 90,000, don haka ranar da ka saya ka canza shi tare da famfon ruwa, kada ka dogara da an ce an canza. Mai lita 3.0 ta farko tana daskarar da baƙin mai in an yi sakaci da juye, a buɗe murfin sama a leƙa kafin ciniki. Mai silinda huɗu lita 2.4 kuma an san ta da zarewar kusoshin kan silinda, sai ka ga ruwa na bin bayan inji. Man giyar wannan zubin T-IV ne, ba WS ba.

Mai haɗin batir tana rage shan mai sosai a cikin gari, amma batirinta da ke ƙarƙashin kujerun tsakiya ya riga ya tsufa kafin ta iso, zafi da ƙura kuma ba sa raga masa. A 2013 Toyota ta kira samfurin 2006 zuwa 2010 saboda matsalar na'urar juya wutarta, sai a bincika da lambar mota ko an yi wa wadda kake so wannan gyaran. In kana Abuja, Kano ko Kaduna kuma ka san mai gyaranta da na'urar gwada batir, a gwada kafin ka biya. In a ƙaramin gari kake, ka tsaya a kan mai fetur zalla.